Kifi Halal Ne, To Tukunyar Fa?

  

Yau filin namu zai yi doguwar tafiya, don haka wadda ke tsakar gida tana tankaɗe ta jawo rediyonta kusa. Wata 'yar'uwa ce daga unguwar Fagge ta aiko mana da saƙo. Ta ce maigidanta ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ya daɗe yana zuwa ƙasar Sin da Tailan saro kaya, bana kuma ya ce da ita za a tafi. Murna kam ta yi, amma maganar abinci ta hana ta barci. Da ta tambaye shi abin da yake ci a can, sai ya ce mata, "Ke dai kwantar da hankalinki, ni kifi kawai nake ci, ai kifi ba ya buƙatar yanka." Shi ne take tambaya, "Hajiya, wannan magana ta maigidana ta wadatar?"

To 'yar'uwa, maigidanki bai yi ƙarya ba, amma da sauran rina a kaba. Malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa abin da ke rayuwa a teku halal ne, kifi ne, ƙaguwa ce, ko jatanlande. Wannan babu ja. Sai dai ke da kike girki kin fi kowa sanin cewa kifi ba ya shiga tukunya shi kaɗai. Akwai mai, akwai romo, akwai kayan haɗi. Nan ne maza ba sa leƙawa, domin su faranti suke gani, mu ne muka san madafi. Na san da yawanmu ba za mu taɓa taka waɗannan ƙasashe ba, amma da wuya ki rasa miji, ko ƙane, ko ɗa mai karatu a can. Abin da kika ji yau ki isar masa.

Mu fara da Guwanzu, birnin nan na kudancin Sin da 'yan kasuwarmu suka fi zuwa, da maƙwabciyarsa Honkon, wadda jirgin ƙasa mai gudu da aka buɗe a 2018 ke kai mutum cikin kamar awa ɗaya. Mutanen wannan yanki su ne gwanayen abincin teku. In kika doshi gidan cin abincinsu, tun daga ƙofa za ki tarar da akwatunan gilashi cike da ruwa an jera wani kan wani. Kifi na iyo, ƙaguwa an ɗaure mata hannuwa da igiya, ga jatanlande ɗaya ya kai tsawon tafin hannunki, ba irin busasshen nan da muke dakawa a miya ba. Ke za ki nuna wanda kike so, a sa koma a kamo shi yana mutsu-mutsu, a auna a sikeli, sannan a tambaye ki yadda za a dafa. Mu da muka saba da kifin banda abin zai ba mu mamaki, su kuwa a wurinsu kifin da ya kwana a mace ya rage daraja.

A wajen sikelin nan ki buɗe ido, domin ni an taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa. A Guwanzu ma'auninsu rabin kilo ne. A Honkon ya ɗan fi haka, kamar giram 600, kuma suna da wani ƙaramin ma'auni, kashi ɗaya cikin 16 na wancan. Shekarar da na raka yayana, muka ga kuɗi a rubuce jikin gilashi, muka ce kai, araha! Ashe kuɗin ƙaramin ma'aunin ne. Da aka kawo takardar biya, yayana ya duba, ya cire hula ya mayar. An riga an ci, babu yadda za a yi. Tun daga ranar, kafin kifi ya bar sikeli sai an rubuta mana jimillar kuɗinsa a takarda.

Dahuwarsu mafi daraja turarawa ce, kamar yadda muke turara dambu. A shimfiɗa kifin ɗungurungum a faranti, da kansa da jelarsa, a yanka citta ɗanya siri-siri a kai, a turara minti 8 zuwa 10. A sauke, a zuba lawashin albasa, a kwarara tafasasshen mai ya yi ƙara, a kewaye da baƙin ruwan nan mai gishiri da suke yi da waken suya. Shi ke nan. Ba tumatir, ba tattasai, amma wallahi sai kin manta da kowa a teburin.

To ina matsalar? Ke da me kike kashe ƙarnin tarwaɗa? Lemun tsami, ko toka, ko ruwan zafi. Su da giyar shinkafa suke kashewa. Akwai wata ruwan ƙasa-ƙasa mai sunan garin Shawshin, tana gefen murhu kamar yadda kwalbar man gyaɗa take gefen naki. Mai girki zai ɗan tsiyaya a kan kifi ko ƙaguwa ba tare da ya ga ya yi wani abu ba, kuma ba za ki gan ta a takardar jerin abinci ba, don a wurinsa kayan ƙamshi ce. Akwai ma girkin da suke kira bugaggen jatanlande, sunan kaɗai ya ishe ki. Wasu za su ce ai wuta ta ƙone ta. Wannan ki kai wa malaminki. Ni dai abin da na ga ya fi sauƙi shi ne tun farko a ce kada a sa.

Sai babban, wato alade. Shi ne naman yau da kullum a Sin, har in aka ce nama kawai ba a faɗi na mene ne ba, to shi ake nufi. Kuma ya iya ɓuya. Soyayyiyar shinkafa mai jatanlande, waɗannan jajayen 'yan gutsattsarin da ke ciki ba karas ba ne, gasasshen alade ne. Romon da ake zuba wa taliya ko ganye, sau da yawa da ƙashinsa aka dafa. 'Yan ƙulle-ƙullen fulawa da ake turarawa a kwandon gora a ci da shayi da hantsi, waɗanda suke kira dimsam, ko an ce miki na jatanlande ne, akan cuɗa shi da kitsen alade don ya yi laushi. Akwai kuma wani yaji mai mai da ake kira XO, mai tsada, na busassun kayan teku da barkono. Kallo ɗaya za ki ce wannan namu ne, alhali yawanci da busasshiyar cinyar alade a ciki. Kin ga ke nan mutum zai rantse kifi kawai ya ci, kuma da zuciya ɗaya ya rantse.

Ba mugunta ba ce fa. Abincinsu ke nan tun kaka da kakanni, kamar yadda baƙo zai ci miyarki bai san da daddawa ba. In kin yi bayani, da yawansu za su yi ƙoƙari. Amma kada ki dogara da bakinki, harshensu na hawa da sauka ne, ki faɗi wani abu su ji wani. A samu wanda ya iya ya rubuta muku da rubutunsu: ba alade, ba kitsensa, ba romonsa, ba giya. A ajiye a waya, a nuna duk inda aka zauna. Duk da haka kasko ɗaya ne ake soya komai a ciki, shi ya sa in dole ce ta kai ku irin wannan wuri, turararren kifi da farar shinkafa sun fi soyayye kwanciyar hankali.

Wanda ya fi duka kuwa shi ne a nemi gidan abincin Musulmi. Akwai su. Musulunci ya daɗe a Guwanzu, masallacin Huwaishan da ke cikin birnin yana cikin mafiya daɗewa a ƙasar baki ɗaya. Musulminsu suna kiran halal da cinjan, kalma mai harafi biyu a rubutunsu, galibi a kan koren allo. Maigida ya ɗauki hotonta ya riƙe. Unguwar Shiyawbe, inda 'yan Afirka suka saba sauka, tana da irin waɗannan wurare. A Honkon kuma, a unguwar Wancai, ginin Masallacin Ammar yana da ɗakin cin abinci a sama inda ake yin dimsam ɗin nan na halal. Can na fara cinsa hankali kwance, na ci har na ji kunya.

In za ki zauna da mutanen gari, tsinkayen nan biyu da suke cin abinci da su, kada ki soka su a tsaye cikin shinkafa, domin haka suke kafa turare wa mamaci. In ba ki iya ba ki nemi cokali, ba abin kunya ba ne.

Yanzu mu sauka Bankok, babban birnin Tailan, inda masu saro tufafi ke zuwa kasuwar Faratunam. Nan kam harshen Bahaushiya zai ji kamar ya zo gida, saboda suna son yaji, suna son tsami. Miyarsu da ta yi suna ita ce tomyam: romo ne na jatanlande da barkono, da ruwan lemun tsami da ganyensa, da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da muke jefawa a shayi. Mai mura ta sha kofi ɗaya ta ba ni labari. Suna turara kifi da lemun tsami da tafarnuwa da barkono ɗanye, suna soya ƙaguwa da kori da ƙwai, suna miya da madarar kwakwa. Maimakon gishiri, ruwan kifi suke sawa, wanda ake samu in an jiƙa ƙananan kifi da gishiri wata da watanni. Warinsa zai sa ki toshe hanci, amma mu masu daddawa ba mu da bakin magana. Cinsu kuma ya yi daidai da namu, cokali a hannun dama shi ke zuwa baki, mai yatsu a hagu turawa kawai yake yi.

Sai dai nan ma a yi hattara. Akwai wani girki na jatanlande da siririyar taliya mai kamar gilashi, ana kawo shi a 'yar tukunya da murfi. Kitsen alade ake shimfiɗawa a gindin tukunyar, ba za ki gani ba sai kin tono. Ƙosan jatanlande ma akan haɗa shi da kitsen. Sunan alade a bakinsu "mu", in kika ce "mai sai mu", to kin ce kada a sa. Sauƙin Tailan shi ne tana da Musulmi 'yan ƙasa, musamman a kudu, kuma majalisar Musulunci ta ƙasar tana da tambarin halal da ake liƙawa a kayan abinci da shaguna. A titin Sukumbit, layi na 3, akwai unguwar da Larabawa suka yi yawa, gidajen abincin halal a jere.

Abu ɗaya da ba na addini ba: suna cin jatanlande ɗanye, a jiƙa shi a ruwan kifi da barkono kawai, suna kuma sa ƙaguwar da ba a dafa ba a kwaɗon gwanda. Mai juna biyu ta yi nesa da su. Kuma wadda ba ta taɓa cin waɗannan masu ɓawo ba ta fara da kaɗan, domin akwai jinin da ba ya karɓarsu. In kika ji leɓe na kumbura, jiki na ƙaiƙayi, ko numfashi na sarƙewa, ba maganar jiƙo ba ce, asibiti za a nufa a take.

Ban manta da masu shayi ba. A Honkon akwai wasu ƙananan gidajen shayi da suke kira cacanten, sun yaɗu ne bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin Turawan Ingila na mulkin wurin, kafin su mayar da shi ga Sin a 1997. Talaka ya ga Bature na shan shayi da madara a manyan otal, shi ma ya ƙirƙiro nasa. Teburin mai shayin bakin layinku ne aka yi wa rufi da kujeru: ga burodi, ga ƙwai, ga taliya, ga hayaniya, a zaunar da ke teburi ɗaya da wanda ba ki sani ba, kina ajiye kofi ana jiran kujerar. Shayin baƙi ne wuluk, ana juya shi daga buta zuwa buta ta cikin wani dogon matacin yadi har ya yi santsi, sannan a zuba madarar gwangwani. Yana da ƙarfi, kada ki sha da dare. Har haɗa shi suke yi da kofi a kofi ɗaya. Na Tailan kuma ruwan goro ne, da madara mai kauri da ƙanƙara, zaƙi kamar a gidan biki.

Shayin ki sha abinki. Abin da ke gefensa ne za ki tambaya, domin 'yan kek ɗin nan masu ƙwai a tsakiya da wasu burodin nasu, tun asali da man alade ake murza fulawarsu, ko da yake wasu sun koma bota. Miyar makaroni ta karin kumallo kuwa, yankakken naman da ke kai ba sai na faɗa miki ba.

'Yar'uwa ta Fagge, kin ce za ki yi guzuri. Garin kwaki da yajinki ki tafi da su. Kilishi da dambun nama ki bar wa yara, domin ƙasar Sin ta hana matafiyi shiga da nama, a filin jirgi za a karɓe.

Sauran da muke gida, in maigida ya shigo da karfasa sabuwa ranar Juma'a, ki gwada turarawar nan a madambacinki. Ki wanke da lemun tsami, ki tsattsaga jikinta, citta a ciki da waje, ruwa ya tafasa sosai kafin ki ɗora farantin. Minti 10 in ba babba ba ce. In kin soka cokali naman ya rabu da ƙaya, ta yi. Lawashi da attaruhu a kai, sannan tafasasshen man gyaɗa, ki ja da baya kada ya fallatso miki. Wadda ta gwada ta aiko mana da abin da maigida ya ce, za mu karanta a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida yara.