Hoto Ya Ɗauke: Ina Ciwon Ya Ke?

Zancen da na kawo muku yau na talabijin ne, irin mai kama tashoshi ta dish. Na sani ba kowa ke da shi ba a nan. Amma ko wanenku yana da inda ya kan je kallo, ko gidan maƙwabci, ko gidan kallon ƙwallo, ko wurin mai shayi. Duk kuwa kun taɓa ganin ranar da a ke cikin kallo hoto ya ɗauke.

Ga abin da ya sa na zaɓi wannan zance. Bara da damina hoton wani maƙwabcina ya ɗauke. Bai duba kome ba, sai ya ce risiba ce ta mutu. Ya sayar da tunkiya, ya hau mota ya tafi birni, ya sayo sabuwa. Ya komo ya haɗa, babu hoto. Ashe akuya ce ta tauna wayar a bayan ɗaki. Ciwon da guntuwar waya za ta warkar, shi ya ci tunkiya guda da kuɗin mota. Gaskiya ne, rashin sani ya fi dare duhu.

Saboda haka abu ɗaya na ke so ku riƙe. Hoto tafiya ya ke yi, yana da hanyarsa. In bai iso ba, wani wuri ne hanyar ta yanke. Ku bi ta zango zango, tun daga cikin ɗaki har waje, kafin ku kwance bakin aljihu.

Hanyar da hoto ke bi

Gidan talabijin ya kan aika hoto sama, zuwa ga wata na'ura da a ke kira tauraron ɗan Adam, watau tauraron da mutum ya ƙera ya harba. Shi kuma ya maido shi ƙasa, ya watsa shi bisa ƙasashe masu yawa kamar yayyafi. Taurarin talabijin suna can sama, nisan wajen kilomita 36,000. A jere su ke, daidai bisa layin nan da ya raba duniya biyu, Arewa da Kudu. Ko wannensu yana kewaya duniya sau ɗaya a kwana guda. Ita ma duniya tana juyawa sau ɗaya a kwana guda. Don haka a wurinmu kamar a tsaye ya ke wuri ɗaya. Wani mutumin Ingila, Arthur C. Clarke, ya bayyana wannan dabara a rubuce cikin 1945. Cikin 1964 aka sa tauraro na fari a wannan matsayi, sunansa Syncom 3. Shi ya kai wa mutanen Amurka hoton wasannin Olamfik daga birnin Tokyo na Japan.

Mu muna arewa da layin nan. Shi ya sa dish ɗin ƙasarmu ba ya duban arewa. Mai neman tauraron Arabsat ya kan dubi kudu maso gabas, mai neman Nilesat kuwa kudu maso yamma.

Saƙon da tauraro ke aikowa shi a ke kira sigina. Kafin ta iso ƙasa ta yi rauni ƙwarai. Aikin dish shi ne ya tara ta, kamar yadda rufin kwano ke tara ruwan sama, ya bi indararo, ya zuba cikin randa. Randar ita ce ɗan abin nan da ke bakin hannun dish. Masu sana'ar suna ce masa LNB, mu kuwa bari mu kira shi kunne. Daga kunne sigina ta bi waya ta shiga ɗaki, ta shiga risiba, risiba ta mai da ita hoto da magana, ta miƙa wa talabijin. Ku ƙirga: tauraro, dish, kunne, waya, risiba, talabijin. Zango shida ke nan.

Ku fara daga cikin ɗaki

Da fari ku duba wuta. Fitilar risiba tana ci? In tana ci, ku ɗauki rimot ɗinta ku danna maɓallin da aka rubuta wa Menu. In rubutu ya fito a fuskar talabijin, to, risiba tana da rai, kuma tana magana da talabijin. In bai fito ba, ku duba 'yar gajeriyar wayar da ta haɗa su. Ku duba kuma ko yaro ya danna rimot ya kau da talabijin daga AV ko HDMI, watau ƙofar da risiba ke shigowa ta ciki. Wannan kaɗai ya sha sa mutane kiran mai gyara.

Na biyu, ku lura ko duk tashoshi ne suka ɗauke. In tasha ɗaya ce kurum, kada ku taɓa dish. Wataƙila irin ta biya ce, kuɗinku ya ƙare aka kulle. Wataƙila kuma masu ita sun sake mata lamba, sai a sa risiba ta sake neman tashoshi.

Na uku, in duka ne, ku buɗe wurin sigina cikin Menu. Za ku ga layi biyu. Ɗaya na ƙarfi ne, ɗaya na inganci. In duka biyun babu kome, galiban ciwon yana waya ko kunne. In akwai ƙarfi amma babu inganci, waya da kunne suna aiki, dish ne ya goce, ko kuwa wani abu ya tare masa gaba. Layin inganci shi ne mai kawo hoto. Shi za ku sa wa ido.

Sa'an nan ku fita waje

Kafin ku taɓa waya ku kashe risiba, ku zare ta daga wuta. Dalili kuwa, wayar nan aiki biyu ta ke yi. Tana sauko da sigina, tana kuma kai wa kunne wuta daga risiba. Ƙarfin wuta da bolt a ke auna shi. In risiba ta aika bolt 13, kunne ya kamo wani rukunin tashoshi. In ta aika bolt 18, ya kamo ɗaya rukunin. Saboda haka in kun ga waɗansu tashoshi da yawa sun ɓace waɗansu suna nan, ku zargi waya. Wuta ce ba ta isa sama yadda ya kamata.

Ku bi wayar da hannu, taƙi bayan taƙi. Ku nemi inda akuya ko ɓera ya tauna, da inda ƙofa ta matse ta, da inda rana ta fasa mata baya. Ku kwance bakinta ku duba. A tsakiya akwai ƙarfen jan gaci guda, a kewaye da shi kuma siraran zare kamar gashi. In ko da sili ɗaya na zaren nan ya taɓa na tsakiya, aiki ya tsaya. In kun ga tsatsa ko kore-kore, ruwa ne ya shiga. A yanke wurin, a sake sabon baki, a naɗe da baƙin salatif sosai. Inda waya za ta shiga bango kuwa, a bari ta ɗan sauka ƙasa tukuna ta hau, don ruwa ya ɗiga waje, kada ya biyo ta ɗaki.

Daga nan sai kunne. Yana da murfin roba a fuska. Zafin rana ya kan fasa shi, ruwa ya shiga, ko zanzaro ya yi gini a wurin. In gini ne, a share. In murfin ya fashe ruwa ya kwanta ciki, sai a sake wani kunnen. Kuɗinsa bai kai na risiba ba.

Dish shi ne na ƙarshe, kuma shi ya fi son haƙuri. Iskar farkon damina ta kan goce da shi in noti ya yi sako-sako. Shanya a kansa ma ta kan lanƙwasa masa hannu. Kada ku raina 'yar gocewa. Daga ƙasa zuwa tsakar ka digiri 90 ne. To, in dish ya goce da digiri 1 tak, a can sama ya kuskure tauraro da fiye da kilomita 600. Ya fi nisan Kano zuwa Kaduna sau biyu.

Ku duba itatuwa kuma. Darbejiyar da ba ta kai katanga ba ran da aka kafa dish, yau ta wuce ɗaki. Ganye ya kan tare sigina, balle in ya jiƙe. Ku sani kuma ƙananan dish ɗin nan sun fi duban sama bisa ga yadda ido ke gani. Reshen da ke can bisa ya kan zama shi ne mai laifi.

In ya zama tilas a motsa dish, ku fara yin alama da gawayi ko ƙusa a jikin sandarsa, don ku san inda kuka taso. Mutum ɗaya ya tsaya wurin talabijin yana duban layin inganci. Na waje ya sassauta noti kaɗan, ya motsa kamar kaurin tsinke, ya dakata ya ƙirga biyar. Risiba ba ta amsawa nan take. In layi ya cika, a ɗaure noti da sufana a hankali, wannan kaɗan, wancan kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Ciwon da ba ya son magani

Akwai lokaci biyu da hoto ke ɗaukewa alhali kome lafiya lau. Na ɗaya, sa'ad da hadari ya haɗu aka tsuge da ruwa. Ruwa mai ƙarfi ya kan shanye siginar ƙananan dish. Manyan nan masu faɗi sun fi jurewa. Na biyu, cikin watan Maris da wajen ƙarshen Satumba, rana ta kan bi daidai ta bayan tauraro, ƙarfinta ya danne sigina. Ya kan ɗauki 'yan mintoci da rana, kwanaki kaɗan a jere. Duka biyun maganinsu zama. Wanda ya hau ya motsa dish a lokacin, shi ya ɓata saitinsa da hannunsa.

Masu motar tafi-da-gidanka

Mu sau ɗaya mu ke saita dish, ya shekara a wurin. Amma akwai waɗanda wannan aiki ya zame musu na kullum, kuma za mu ƙaru da su. A Turai da Amurka akwai wata irin babbar mota, cikinta da gado da murhu da makewayi. Mai ita ya kan ɗebi iyalinsa su tafi yawon hutu, inda dare ya yi musu nan gida. Da yawansu suna da dish. Na waɗansu a bisa rufin mota ya ke, a danna maɓalli ya miƙe ya nemi tauraro da kansa. Na waɗansu kuwa a ƙasa a ke kafa shi bisa ƙafa uku, a nema da kamfas da wani ɗan ma'auni mai fito.

Babban abokin gabansu itace ne. Mutum ya gaji da tuƙi, ya ga inuwa ya raɓa, da dare babu hoto. Abin ya fi tsanani a can domin sun yi nisa da tsakiyar duniya, dish ɗinsu ƙasa-ƙasa ya ke duba. A Kano mai neman Arabsat ya kan ɗaga wajen digiri 65. A Landan mai neman tauraron Astra na tashoshin Ingila wajen digiri 25 kurum ya ke ɗagawa. Don haka itace mai tsawon mita 10 ya kan tare shi, sai ya ja baya fiye da mita 20. In kuma motar ta tsaya a karkace, dish na iya yin ta juyi bai samu ba, sai an daidaita ta.

Wani abin da ke ruɗa su shi ne kama tauraron da ba shi a ke nema ba. Taurarin Turai suna kusa da juna, ma'aunin nan kuwa ko wanne ya ji fito ya ke yi. Sai mutum ya ga ƙarfi ya cika, inganci babu. Kun ga abin da na faɗa muku ɗazu.

Har wa yau ko wane tauraro yana da iyakar ƙasashen da ya ke haskawa, kamar fitilar hannu. Tsakiya ta fi haske, gefe ya dushe. Mutumin Ingila in ya nausa kudu zuwa Sifen, tashoshin gida su kan yi ta raguwa. Cikin 2014 BBC ta mai da tashoshinta kan sabon tauraro mai matsattsen haske, mutane da yawa a Sifen suka rasa su. Babu abin da ya lalace musu, haske ne ya bar su. Mu ma haka ne da Nilesat. Arewacin Afirka da ƙasashen Larabawa aka nufa da shi, mu muna gefe. In dish ɗinka ya yi ƙanƙanta, sayen sabuwar risiba ba zai ƙara maka kome ba.

Na ƙarshe shi ne batir. Kayan cikin motar nan da batir mai bolt 12 su ke aiki. In dare ya yi nisa batir ya yi sanyi, risiba ta riƙa mutuwa tana tashi, ko tashoshi su ɓace. Masu sola a cikinku, wannan naku ne. In hoto lafiya ya ke da rana, sai da dare ya ke wasa, ku tambayi batir kafin ku hau bisa.

Kashedi

Kada kowa ya hau rufi ko ya taɓa dish in ana walƙiya. In hadari ya taso, a zare wayar wuta da ta dish tun kafin ya iso. Kada a hau tsani sai da mai riƙewa, kada kuma a kafa dish kusa da wayar lantarki. Hoto ya kan dawo, ƙashin baya in ya karye ba ya dawowa daidai.

In kun bi zangon nan duka abin ya faskara, sai ku kira mai gyara. Amma yanzu za ku iya ce masa, “Malam, Menu yana fitowa, akwai ƙarfi, babu inganci, waya lafiya.” Mai gyaran kirki zai ji daɗi, don kun rage masa aiki. Wanda ba na kirki ba kuwa zai san ba nan a ke cin tunkiya ba.

Tambayoyi

1. Faɗi zango shida da hoto ke bi.
2. In akwai ƙarfi babu inganci, ina za ka duba?
3. Don me a ke kashe risiba kafin a kwance waya?
4. Wane lokaci ne hoto ke ɗaukewa, amma bai kamata a taɓa dish ba?