Yadda sankara ke maƙalewa a bangon jijiyar jini

Yau kimiyya za mu taɓa, ku ɗan daure, domin maganar ta shafi iyayenmu da yayyenmu.

Yawancin waɗanda ciwon daji ke kashewa, ba ƙullutun farko ne ke kashe su ba. Bazuwarsa ce zuwa hanta, huhu, ƙashi ko ƙwaƙwalwa. To ya ake yi ƙwayar da ta ɓalle daga mama ta je ta zauna a ƙashin baya?

Jini take bi, ko magudanar ruwan kaluluwa. Sai dai cikin jini ba wurin hutu ba ne. Gudunsa yana yayyaga ta, sojojin garkuwar jiki suna farautarta. A 1970 wani masani a Amurka, Isaiah Fidler, ya zuba wa ɓeraye ƙwayoyin sankarar fata a jijiya. Bayan kwana ɗaya, kusan ɗaya cikin ɗari ne kawai suka rage da rai. Kun ga ke nan wadda ta tsira, sai ta samu wurin kamawa.

Wata girmanta ne ke tsayar da ita, ta cushe a siririyar jijiyar da ta yi mata kaɗan. Amma ɗaya hanyar ce ta fi ba ni mamaki, domin sata ce tsagwaronta. Idan ka ji rauni, bangon jijiyar wurin yakan fito da wasu ƴan ƙugiyoyi da ake kira selektin, don fararen ƙwayoyin jini su kama su fita su yi yaƙi. Ita ƙwayar sankara sai ta lulluɓe jikinta da irin sukarin da ƙugiyoyin nan ke ganewa. Kun san ƙarangiya, yadda take kama ƙafar wando in ka ratsa gona? Haka take yi, sai dai kamun farko ba ya da ƙarfi. Ta kama, ta saki, ta sake kamawa, tana mirginawa a bango har gudunta ya ragu. Daga nan wasu sinadaran, intagirin, su riƙe ta gam. Sai ta buɗa tsakanin ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon, ta sulale waje.

Ba ita kaɗai take wannan aika-aika ba fa. Ƙwayoyin da ke daskarar da jini in ka yanke, su ma sukan yi mata mayafi, su ɓoye ta daga garkuwar jiki, su taya ta mannewa.

Me ya sa wata gaɓar ba wata ba? A 1889 likita Stephen Paget na Ingila ya duba bayanan mata 735 da sankarar mama ta kashe, ya ga bazuwar ba ta kan mai uwa da wabi ba ce. Ya kwatanta abin da iri da ƙasa: iri na iya faɗawa ko'ina, amma sai a ƙasar da ta karɓe shi yake tsirowa. A 1928 James Ewing ya ce a'a, hanyar jini ce ke yanke hukunci. Kowannensu na da gaskiyarsa. Sankarar hanji ta fi zuwa hanta saboda jinin hanji can yake fara biyawa, amma hanya kaɗai ba ta bayyana son da sankarar mafitsarar maza ke yi wa ƙashi ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne zancen nan da ke yawo a gidajenmu, wai in ƙarfen likita ya taɓa daji sai ya bazu. Don Allah mu bar faɗin haka. Abin da ke faruwa shi ne, mata da yawa a Najeriya ba sa isa asibiti sai ciwon ya kai mataki na uku ko na huɗu, bayan watanni ana shafe-shafe. Lokacin ƙwayoyin sun riga sun kama bango a wani wuri, sun yi shiru, wasu ma hoto ba ya nuna su. In sun bayyana bayan tiyata, sai a ɗora wa wuƙa laifi.

Ƙullutu a mama, ko ba ya zafi, ko ruwa mai jini daga kan nono, a kai asibiti a makon nan. Maza ma suna yin sankarar mama, kada wani ya ce ba ruwansa.