Ƙarin ruwa ɗaya, dala miliyan 2

Akwai wata cutar gado da likitoci ke kira SMA, mai kashe jijiyoyin laka da ke bai wa tsoka umarnin motsi. Jaririn da ya zo da mai tsananinta ba ya iya zama, haɗiya da numfashi su gagare shi, kuma a da yawancinsu ba sa kai shekara 2. Tushen matsalar ƙwayar gado ce guda ɗaya tak, SMN1.

A watan Mayun 2019 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna Zolgensma, na kamfanin Novartis. Dabarar kuwa sai wanda ya ji: a ɗauko ƙwayar birus, a raba ta da ikon cutarwa, a ɗora mata lafiyayyar ƙwayar gadon, a aike ta cikin jinin yaro sau ɗaya. Yaran da aka yi wa da wuri sun zauna, wasu har sun taka. Sai dai jijiyar da ta riga ta mutu ba ta dawowa, shi ya sa Jamus ke gwada jarirai tun kwanakin farko na haihuwa.

To, ga inda gizo ke saƙa. A 2019 kuɗin maganin dala miliyan 2.1 ne. A 2020 kamfanin ya fara raba har guda 100 kyauta a shekara ga ƙasashen da maganin bai isa ba, amma ta hanyar ƙuri'a. A ganina wannan tsari bai dace ba: cutar tana cin jijiyar yaro kullum, iyaye kuwa a lokacin suna zaman jiran a zaro sunansa.