Man Tsirrai Masu Ƙamshi da Cututtukan Kifin Kiwo: Iyakar Amfaninsa

Mai kiwon tarwaɗa a Nijeriya, ƙasar da ta fi kowace a Afirka samar da wannan kifi, ya san alamun cutar da ƙwayar bakteriyar Aeromonas hydrophila ke haddasawa: kifi ya daina cin abinci, cikinsa ya kumbura, jan miki ya fito masa a jiki, washegari a tarar da gawarwaki suna yawo a saman ruwa. Abin da aka saba yi shi ne a zuba antibayotik irin su oksitetrasaikilin a ruwa ko a abinci, sau da yawa ba tare da awo ba, har ƙwayoyin cutar su saba da maganin su daina jin sa. Wannan matsala ce ta sa Tarayyar Turai ta hana sanya antibayotik a abincin dabbobi domin ƙara musu girma tun 2006, ita ce kuma ta juya hankalin masu bincike zuwa ga man tsirrai masu ƙamshi.

Wannan mai ba irin na gyaɗa ko na riɗi ba ne da ake matsewa. Turara ganye ko fure ake yi, a sanyaya tururin, man ya rabu da ruwan a kwashe. Na kanumfari yawancinsa sinadarin yujinol ne, wanda ake samu a ɗaɗɗoya ma, kuma aikinsa shi ne ya ratsa fatar da ta lulluɓe ƙwayar bakteriya, wadda kitse ne ginshiƙinta, ya huda ta har abin cikinta ya tsiyaye. Man kirfa ma yana yin irin wannan aiki.

Sai dai abin da ya tabbata a ɗakin gwaji ba lallai ya tabbata a kududdufi ba. Mai ba ya gaurayuwa da ruwa, yana saurin bin iska, zafin injin da ke dunƙule abincin kifi kuma yana rage masa ƙarfi, shi ya sa ake lulluɓe shi cikin ƙananan ƙwanso kafin a cuɗa. Ga kuma batun awo, domin man kanumfari da shi ake sumar da kifi idan za a ɗauke shi ko a duba shi, kuma idan ya wuce kima sumar takan zama mutuwa. Ƙarfin man kansa yana bambanta gwargwadon ƙasar da tsiron ya fito da lokacin girbinsa.

Ba kuma wannan mai ne kaɗai hanyar rage magani ba: Norwe ta rage antibayotik a kiwon kifin salmon da kusan kashi 99 cikin ɗari daga 1987, kuma da allurar rigakafi da tsaftar kiwo ta yi hakan. Man tsirrai mataimaki ne wajen kariya, ba ya maye gurbin canjin ruwa da rage cunkoso. Don haka ya kamata jami'o'i da cibiyar binciken kifi ta New Bussa su gwada awonsa a kan tarwaɗa a kududdufan manoma, kafin a shawarci kowa ya zuba shi a ruwansa.