Shatar jirgi a gulbin Gummi: abin da na koya a bayan injin Kawu

 

Satin da ya wuce wani abokina ya turo min bidiyon irin jiragen ruwan alfarmar nan da masu kuɗi ke ɗauka shata a Dubai, fari fat, da ɗakunan kwana da kicin da komai. Ya rubuta a ƙasa, wai ni da na taɓa aikin jirgi ko zan iya tuƙa wannan? Na yi dariya sosai. Jirgin da na yi wa aiki na katako ne, na kawuna, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 maƙale a bayansa, a gulbin Zamfara wajen Gummi. Damina uku na yi a kansa bayan na gama sakandare.

Amma akwai abu ɗaya game da waɗancan jiragen da ya tsaya min a rai. Duk girmansu, yawancinsu idan aka ɗauke su shata ba a yarda su ɗauki baƙi fiye da 12 ba, saboda a dokar teku ta duniya jirgin da ya haura mutum 12 ya zama jirgin fasinja, sharuɗɗansa kuma masu nauyi ne. Mutum 12 fa! Mu kuwa jirgin da bai kai rabin tsawonsu ba, sai ka ga an jera mutane an ɗora babur an ƙara buhunan gero, ana cewa a matsa akwai wuri.

Duk ɗan Gummi ya san ranar Asabar 14 ga Satumba 2024. Manoma ne suka shiga kwale-kwale da safe za su haye zuwa gonakinsu, ya kife, mutum fiye da 40 suka rasu. Makonni kaɗan kafin nan ambaliya ta raba dubban mutane da gidajensu a garin. Allah ya jiƙansu da rahama. Ba na son in mai da wannan rana abin hira, amma ita ce ta sa na ga ya kamata in faɗi yadda aikin yake daga ciki.

Gulbin nan da rani yaro ma yana taka shi da ƙafa a wurare da yawa, yashi ne shimfiɗe. Daga Agusta zuwa Satumba kuwa, idan ruwan da ya sauka can sama wajen Anka da Bukkuyum ya gangaro, sai ya koma wani abu daban, ja wur, yana tafe da itatuwa da kara da leda. Gona tana ƙetare, kasuwa tana ƙetare, ga matsalar tsaro da ta sa wasu hanyoyin mota ba sa biyuwa. To dole a hau ruwa.

Aikina yana farawa ne bayan sallar asuba. In kwarfe ruwan da ya kwana a cikin jirgi, in lura da yawansa, don idan ya fi na jiya to wani haɗin katako ya buɗe, sai a toshe da tsumma da kwalta. Sannan haɗa mai. Injin nan irin wanda ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur ne, rabin lita a jarka mai lita 25, a girgiza sosai. Ka rage man don tsimi, inji ya cinye kansa. Ka zuba da yawa, fulogi ya yi baƙi ya ƙi tashi. Fetur ɗin bumburutu kuma sai an tace shi da ƙyalle, don ɗigon ruwa kaɗan a kafireta ya isa ya kashe maka inji a tsakiyar gulbi. Sai farfela, a duba ko igiyar masunta ta naɗe ta. Duk 'yan makonni Kawu kan kwance ƙusar ƙasa ya duba man giya, idan ya fito fari kamar madara to ruwa ya shiga.

Abin da ya fi nanata min shi ne abin da muke kira fitsarin inji. Injin jirgi ba shi da lagireto irin na mota, ruwan gulbin yake zuƙa ya sanyaya kansa, ta hanyar wata 'yar roba mai fukafukai da ke juyawa a cikin ƙafarsa. Shaidar tana aiki ita ce siririn ruwan da ke tsartuwa ta baya. Ruwanmu yashi gare shi, yana cinye robar nan da wuri. Kawu kan ce, "Ɗana, idonka guda ga gaba, guda ga wanga ruwa. In ya tsaya, kai ma tsaya."

Yanzu bambancin fito da shata. A fito kowa kuɗinsa yake biya, in ka ce jirgi ya cika za a yi gunaguni a jira sahu na biyu. A shata kuwa mutum ɗaya ne ya biya, kuma a ransa ya sayi jirgin na ranar. 'Yan biki, 'yan ta'aziyya, ɗan kasuwa mai kaya, kowa so yake a kwashe a tashi ɗaya. Shi ma mai jirgi lissafinsa ke nan, don injin nan idan aka ƙure shi yana shan kusan lita 20 a awa, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowane sahu na biyu daga aljihunsa yake fita. Kawu ya ja layi da jan fenti a jikin jirgin. In ruwa ya taɓa layin, ko Sarkin Ruwa ne ya zo sai dai ya jira.

Ranar da zan ba ku labari Kawu na kwance da zazzaɓi, ni kaɗai ne da wani ƙanena. 'Yan kai amarya suka yi shata. Mata da yara, ga gado, ga katifa, ga kwallaye. Ina kallo layin ya nutse. Na ce wa uwar bikin, "Inna, a yi haƙuri a raba biyu." Ta ce yamma ta yi, kuma ai sun biya, Kawunka ma ba ya yi mana haka. Samari na gefe suna cewa yaro ya ji tsoro. Wallahi kunya ce ta kama ni, na ja igiyar inji.

Mun kai wajen tsakiya na waiga, babu fitsarin inji. Na gani sarai. Amma na ce bari in ƙara wuta mu ƙarasa, saura kaɗan. Ba mu yi nisa ba wari ya tashi, inji ya yi tari ya mutu. Jirgin da ba shi da inji a ruwa mai gudu gicciyewa yake, igiyar ruwa ta dinga dukan cikinsa, namu kuma tsakanin bakinsa da ruwa bai fi tafin hannu ba. Mata biyu suka miƙe tsaye suna salati, jirgi ya karkata, ruwa ya kwararo. Wata tsohuwa ce ta cece mu, ta daka tsawa kowa ya zauna, ta fizgi kwalla ta juye kayan ciki ta fara kwarfa. Ni da ƙanena muka kama gora muna laluben ƙasa, ruwa na jan mu, har Allah ya sa muka dafe wani tudun yashi can ƙasa da mashaya. Masunta ne suka zo da ƙananan kwale-kwale suka kwashe mutane. Babu rigar ruwa ko ɗaya a jirgin.

Da aka kwance injin, leda ce ta toshe ramin shan ruwa. Da na kashe shi na ɗaga ƙafar na cire ta, aikin minti ɗaya ne. Gudun da na ƙara shi ya ƙone robar ya taɓa kan injin, jirgi ya yi kwanaki a ɗaure a tsakiyar kakar aiki.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda hedikwatarta ke Lokoja, ta hana lodi fiye da ƙima da tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ruwa. Dokar tana da kyau. Sai dai a damina ukun da na yi, abin da ke tsaye tsakanin fasinja da gulbi shi ne ko matuƙi zai iya cewa a'a ga dattijuwar da ta girmi uwarsa. Ni ban iya ba a ranar. Shi ya sa nake ganin ƙa'idar adadin mutane ta koma hannun Sarkin Ruwa da dattawan mashaya, a rubuta lamba a jikin kowane jirgi, yadda yaro ba zai tsaya shi kaɗai yana jayayya da 'yan biki ba.

Kawu bai dake ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Da ya warke ya cire kuɗin gyara daga ladana har ƙarshen damina. Sannan ya miƙo min gwangwanin fenti da buroshi ya ce in sake jan layin da hannuna, amma in sauko da shi yatsa biyu ƙasa da inda yake.