Numfashin Silinda: Yadda Ake Karanta 70 Bisa 80

Mai martaba Sarkin Zongo da 'yan majalisarsa, malamaina, iyayena, mastocin Magazine na Suame da suka rufe gareji suka zo, da ƙannena ɗaliban KNUST masu karatun injiniyan jirgin sama, ina gaishe ku gaisuwar ban girma.

Wanda ya tashi a Aboabo, a nan Kumasi, ya san ƙarar jirgi tun yana goye, domin filin jirgin da aka raɗa wa sunan Prempeh I a 2024 a bayan gidanmu yake. Amma yau ba manyan jiragen fasinja zan taɓa ba. Maganata a kan ƙananan ce, irin Cessna 172 mai kujeru 4, waɗanda ake koyon tuƙi da su. Injinsu na fistan ne, silinda 4, biyu na kallon biyu, iska ke sanyaya shi, kamar na tsohuwar Volkswagen ɗin nan mai siffar kunkuru. Duk fita a Suame da ya taɓa kwance injin mota zai gane fistan da ringi da bawul ɗinsa da kallo ɗaya.

A duk duban shekara, da duban awa 100 ga jirgin haya ko na makaranta, ana auna ko kowace silinda tana riƙe numfashinta. A mota kukan ɗaura geji a ramin fulogi ku murza kii, allura ta hau. A jirgi injin a kashe yake, kuma da zafinsa, an gama kunna shi ke nan. Sai a cire fulogi ɗaya daga kowace silinda, a juya farfela da hannu har fistan ya kai ƙololuwar hawansa, bawul biyun duka a rufe. Daga nan a turo iska daga kwamfiresa ta cikin na'ura mai geji biyu, tsakaninsu akwai ɗan rami mai faɗin inci 0.040, kusan milimita 1. A saita gejin farko a kan psi 80. Na biyun shi ke faɗin abin da silinda ta iya riƙewa. In ya tsaya a 74, sai a rubuta 74/80.

Kafin in wuce, ku ji wannan da kyau, musamman yara masu koyo. Faɗin fistan na injin Lycoming O-320 inci 5.125 ne. Iskar psi 80 a kan wannan faɗin tana danna shi da nauyin da ya kai kusan kilo 750. Muddin fistan na daidai ƙololuwa, farfela tana tsaye lafiya. Ya goce kaɗan, za ta fizge ta sari duk abin da ta samu. Shi ya sa mutum biyu ke aikin, ɗaya ya riƙe farfela gam, a tabbatar magneto, mai ba fulogi wuta, a kashe yake, kuma ba wanda zai sa kansa ko kafaɗarsa a hanyarta.

To, lambar ta fito. Me take nufi?

Tsohuwar ƙa'idar hukumar jiragen sama ta Amurka, a littafinta AC 43.13-1B, ita ce silindar da ta zubar da fiye da kashi 25 cikin 100, wato ta faɗi ƙasa da 60/80, abar zargi ce. Kamfanin Lycoming, a takardarsa mai lamba 1191A, ya ce sama da 70 lafiya lau, ƙasa da 65 an fara cinyewa a riƙa bibiya duk awa 100, ƙasa da 60 a fara tunanin cire silinda. Ya kuma ce a duba tazarar da ke tsakanin silindoji: bambancin psi 5 ba komai, na 10 zuwa 15 yana neman bincike. Kamfanin Continental kuwa ya bi wata hanya. A 2003 ya fitar da takarda SB03-3, wadda ta ce makanike ya fara gwada na'urarsa da wani ramin gwaji na musamman a ranar aikin, abin da gejin ya nuna shi ne iyakar faɗuwa, kuma yawanci yakan zo 40 da 'yan kai. Ya wajabta leƙa cikin silinda da kyamara. In lamba ta gaza amma ido bai ga aibu ba, a tashi da jirgin aƙalla minti 45, a dawo a sake aunawa. Kun ga ke nan 55/80 na iya wucewa a injin wani kamfani, ta tsayar da jirgi a na wani. Littafin wanda ya ƙera injin shi ne alƙali, kuma shi hukumar jiragen sama ta ƙasarmu, GCAA, za ta tambaye ka.

Dalilin wannan sassauci na Continental yana cikin injin kansa. Iskar gwajin psi 80 ce kacal, alhali lokacin da fetur ya kama wuta matsin da ke cikin silinda yakan ninka haka kusan sau 10, kuma wannan matsin ne ke shiga bayan ringi ya manna shi da bango. Sannan silindar jirgi ana ƙera ta da ɗan tsukewa ta sama, sai ta yi zafi take miƙewa daidai, fistan na alminiyam ma sai da zafi yake cika gurbinsa. Wani lokacin ma tsagar ringin sama da ta na ƙasa ne suka zo saiti ɗaya, iska ta samu hanya, gobe sun juya ta toshe.

Ina sabon shiga aiki, bayan na gama karatu a kwalejin jiragen sama ta Zariya, aka kawo mana wani ƙaramin jirgi da ya kwashe damina a ajiye. Silinda ta 3 ta ba da 58/80. Har na ɗauko sufana zan fara kwancewa, sai maigidana ya dafa ni ya ce, "Yaro, ka ji inda take kuka?" Ya buɗe murfin zuba baƙin mai ya ce in kara kunne. Na ji iska na huci a ciki kamar tukunyar da ta fara tafasa. Ya kai ni bakin salansa, shiru. Ya kai ni wajen kafireta, shiru. Ya ce, "Ringi ne. Ta daɗe a kwance." Aka tashi da jirgin, aka dawo, muka auna da zafinsa: 72/80.

Abin da ya koya mini ran nan shi ne zuciyar wannan lacca. Iskar da ta ɓace daga geji na biyu ba ta ɓace a duniya ba, tana fita ta wani wuri, kuma wurin ne ke faɗin girman matsalar. In ta bi ta wajen baƙin mai, ringi ne, shi kuma ringi a hankali yake tsufa, yana ba da sanarwa: injin ya fara shan mai, man ya yi saurin baƙi, fulogin ƙasa ya jiƙe. In ta bi ta kafireta, bawul ɗin shigar iska ne. In kuwa ta salansa take fita, nan ne ya kamata gaban makanike ya faɗi, ko da lambar 68 ce. Mai yiwuwa ɗan dattin dalma ne ya maƙale a mazaunin bawul, tunda fetur ɗin jirgi 100LL akwai dalma a cikinsa. Mai yiwuwa kuma bawul ɗin ya fara ƙonewa. Bawul ɗin hayaki yana sauke mafi yawan zafinsa ne ta inda ya zauna a mazauninsa, to in gefe ɗaya bai zauna ba, wuta na bi ta nan tana cinsa, har wata rana ɓangare ya ɓalle jirgi na sama. Mai mota in haka ta same shi a hanyar Tamale sai ya faka ya kira fita. Matuƙin jirgi mai injin ɗaya sai dai ya nemi fili.

A nan kyamara mai dogon wuya ke shigowa, wadda ake zurawa ta ramin fulogi. Lafiyayyen bawul fuskarsa na da zobba ja-ja da ruwan ƙasa, zagaye daidai kamar faifai. Mai ƙonewa zanensa a karkace yake, da wani ɗan kore kamar jinjirin wata a gefe guda. Ni a wurina, hoton nan ya fi lambar geji nauyi. Yanzu irin wannan kyamarar ta yi arha, har da mai haɗawa da waya.

Wani zai ce, don gudun tsautsayi me zai hana a cire duk silindar da aka yi shakka? Cire silinda ba ƙaramin aiki ba ne. Wasu dogayen kusoshin da ke riƙe ta su ne kuma ke matse gangar injin da biyarin ɗin kurankishaf. In aka mayar ba a ɗaure su daidai awo ba, an gyara abin da bai lalace ba an jawo wanda ya fi shi. Ga kuɗi: sabuwar silinda daga Amurka za ta zo, da dala, sidi kuma kun san halinta.

Ƙasarmu ma tana da nata tasirin. Laimar Kumasi tana sa tsatsa a bangon silindar jirgin da ba ya tashi, ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu kuma, in matatar iska ta yi sake, tana goge ringi kamar sanfefa. Don haka awo ɗaya ba ya wadatarwa. Silindar da ta shekara 3 tana ba da 66 ta fi kwantar mini da hankali a kan wadda bara ta ba da 78 bana 69. Wannan kuwa ba a saninsa sai an rubuta: kwanan wata, awannin injin, da zafi aka auna ko da sanyi, da wace na'ura, ta ina iska ta fita.

Mastocina na Magazine, kunnen nan kuna da shi, kun fi mu ma. Rubutun ne nake roƙon ku ɗora wa yaranku tun yanzu, ko a kan injin trotro ne. A Kpong, Patricia Mawuli ta fara da aikin share filin jirgi, ta zama matuƙiya mai takardar gyaran injin Rotax. 'Ya'yan Zongo ma za su iya.

Na zo da na'urar da tsohuwar silinda ɗaya mai ƙonannen bawul, ga su can a kan tebur kusa da ƙofa. Bayan sallar la'asar za mu haɗa kwamfiresa, duk mai so ya zo ya kara kunne a bakin bututun hayaki, sannan ya leƙa da kyamara ya ga koren da nake faɗa.