Jawabi a Wajen Yaye Masu Aikin Sa Kai na Kiwon Lafiya, Birnin Zariya



Wakilin Mai Martaba Sarkin Zazzau, Allah ya ja zamanin Sarki. Hakimai da masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu mata, da ku 'ya'yanmu da muke yayewa a yau, barkanku da zuwa.

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar nan ya san kududdufi. Daga nan kakanninmu suka haƙi ƙasar ginin gidajenmu, kuma shi ke shanye ruwan unguwa da damina. Yanzu mun cike da yawa daga cikinsu da shara, mun yi gini a kai. In aka kwana ana ruwa a watan Agusta, ina zai bi? Sai zaure, sai ɗaki, sai ya cika masai ya tumbatsa cikin rijiya.

Ambaliya kan janye cikin kwana biyu, masu jaje su watse. Bayan nan ne amai da gudawa ke shigowa, sannan sauro ya ƙyanƙyashe a ruwan da ya kwanta. A 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,500 a Najeriya. Ambaliyar 2022 ta raba sama da mutum miliyan ɗaya da muhallinsu. Mun kuma ga halin da Maiduguri ta shiga a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle.

Mai hali yana da burtsatse, yana da motar da za ta kai ɗansa asibitin Shika cikin dare. Wanda ke damuna shi ne almajirin da ke kwana a soro mai yoyo, da gwauruwa mai marayu a gidan ƙasa, da Bafulatanin rugar bakin kogin Galma da ba a tunawa da shi in ana rubuta sunayen masu karɓar tallafi. Kafin a samo kuɗin Keke zuwa asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, yaro ya riga ya bushe. Na ga haka da idona, har yau ban manta fuskar uwar ba.

'Ya'yana, gidajen nan za ku fara shiga. Ku yi sallama, ku durƙusa ku gaida manya, sannan ku zauna da uwargida ta haɗa ruwan gishiri da sukari da hannunta: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ku leƙa rijiya, ku tambayi 'yan garuwa inda suke ɗiba. Masu unguwanni, don Allah ku riƙe mana 'ya'yan nan namu, ku buɗe musu ƙofa.

Allah ya yi muku albarka, ya ba mu damina mai alheri. Bismillah, a fara kiran suna.